Ɗalibanmu a Ƙasar Sin: Abin da Ya Kamata Su Gano Mana

  

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, ina zaune a zaure yara suna wanke alluna, sai ga wani dattijo maƙwabcina, mai fataucin hatsi tsakanin kasuwarmu ta Babban Mutum da Magarya, ya yi sallama. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shawara na zo nema. Yaron nan naka da ya yi sauka a hannunka, yanzu yana jami'a, an sa sunansa cikin waɗanda za a kai ƙasar Sin ziyarar karatu. An ce za a zaga da su tsofaffin birane, su ga tarihi da al'adun mutanen can. Uwarsa ta ce ba da yawunta ba, wai ƙasa ce da ba a kiran salla, kuma ba a san abin da ake ci ba. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu." Na ce masa, "Alhaji, ba ni kwana uku." Amsar da na ba shi ita ce nake so in shimfiɗa a nan, domin ba gidansa kaɗai wannan tambaya ta shiga ba. Ni dai ban taɓa taka ƙasar ba, abin da zan faɗa daga littattafai ne da bakin waɗanda suka je suka komo.

Da fari sai mu kawar da wani abu. Duk sa'ad da aka ambaci Sin, mutane sukan jawo zancen nan da ya shahara na neman ilmi ko da a can ne, su jingina shi ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam. To, malaman hadisi ba su inganta shi ba. Baihaƙi ya kawo shi, ya kuma nuna rauninsa, Ibnu Hibban ya ce ba shi da asali, Ibnul Jauzi kuwa ya sa shi cikin littafinsa na ƙagaggun hadisai. Saboda haka ba da shi zan kafa hujja ba. Muna da abin da ya fi shi ƙarfi, watau umarnin da ya zo a wurare da dama cikin Alƙur'ani na a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Muna kuma da al'adar magabatanmu, waɗanda suke ɗaukar gafaka da buzu su nufi Gabas, su shekara goma ba su ga gida ba.

Sin ta riga ta iso mu

Wanda yake tsammanin Sin tana nesa, ya dubi abin da ke kewaye da shi. A watan Disamba na 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, wadda kamfanin Sinawa mai suna CCECC ya ɗauki nauyin gininta, kamfanin da ya shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Tun a 2018 wannan kamfani ya soma kai samarin Nijeriya karatun aikin reluwe a jami'o'i biyu na can, ɗaya a birnin Changsha, ɗaya a birnin Xi'an, wanda ake faɗinsa Shi'an. A cikinsu akwai ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, waɗanda aka shirya musu shekara uku a Zariya, biyu a Changsha. Ga kuma hanyar dogo ta Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a 2021, wadda aka zana ta bi ta Daura, lalle za ta bukaci masu sanin aikin. Fataken Kantin Kwari kuwa sun daɗe suna zuwa Gwanzu sarin kaya. Su ma Sinawa ba su yi barci a kanmu ba, tun 1963 gidan rediyon Beijin yake magana da Hausa, shekara takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971.

Akwai ma abin da ya girmi waɗannan duka. Shayin da ake dafawa a ƙaramar buta a kan garwashi, daga nan har Damagaram da Agadas, ganyensa daga Sin yake zuwa, sunansa ma daga harshensu ya biyo ta Larabci ya iso mu. Sa'an nan takarda. A shekara ta 105 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wani bafaden sarkin Sin mai suna Cai Lun ya gabatar da hanyar yin takarda da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Marubutan Larabawa sun ce Musulmi sun koyi sana'ar daga fursunonin yaƙin Talas na 751, ko da yake masana na yanzu suna ganin an san takarda a Samarkanda tun kafin yaƙin. Ko ta yaya ne, a zamanin Haruna Rashid an kafa masana'antarta a Bagadaza, daga nan ta bi Sham da Masar da Magriba da Andalus, har Turawa suka koya. Takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda sai an ɗaga ta ga haske ake ganinsa, wadda kakanninmu suka rubuta Alƙur'ani a kanta, daga Italiya take zuwa ta Tarabulus a bayan raƙuma, amma tushen sana'ar Sin ne. Ashe duk alaramman da ya riƙe alƙalami ya ci moriyar mutanen nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Sarkin da aka binne da runduna

To, me za a nuna wa yaranmu? Babu shakka za a kai su Shi'an, domin ita ce tsohuwar hedikwatar sarakuna, daga ita kuma ayarin alharini yake tashi zuwa yamma. A 1974 waɗansu manoma suna haƙa rijiya a bayan garin sai suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Da hukuma ta tona sai aka tarar da runduna guda a jere cikin ramuka, da dawakai da kekunan yaƙi, an ƙiyasta sojojin sun kai 8,000, kowanne da irin fuskarsa. Na sarkin farko ne da ya haɗa ƙasar Sin wuri ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ne ya daidaita musu rubutu da mudu da kuɗi, shi ne kuma ya ba da umarni a ƙone littattafan da ba su yi masa daɗi ba. Ya mutu a shekara ta 210, bai cika shekara biyar a kabari ba gidan sarautarsa ya rushe. Rundunar yumɓu ba ta tsare masa kome ba, littattafan da ya ƙone kuwa an sake haɗa da yawa daga cikinsu, daga waɗanda aka ɓoye da kuma ƙirazan waɗanda suka haddace.

Wani zai ce, ya halatta ɗan Musulmi ya tsaya kallon gumaka? Abin da na fahimta shi ne kallo iri biyu ne. Akwai na girmamawa da neman tabarraki, wannan haram ne babu ja. Akwai kuma na lura da ɗaukar wa'azi, irin wanda aka umarce mu da shi a kan kufan mutanen da. Yaron da ya san tauhidinsa, in ya tsaya a bakin ramin nan, zai fita da tsoron Allah fiye da yadda ya shiga.

Masallacin da ke fuskantar yamma

Amma abin da na fi so yaranmu su nema yana cikin garin ne, a unguwar Musulmi, kuma in ba su tambaya ba ana iya wucewa da su a gurguje. Musulunci ya daɗe a Sin ƙwarai. Littattafan tarihinsu sun rubuta zuwan jakadan Halifa Usmanu a 651. Musulmin Gwanzu suna jingina tsohon masallacinsu ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har suna nuna wani kabari da sunansa, amma abin da ya tabbata a wurin malaman tarihi shi ne a kusa da Madina ya rasu, aka binne shi a Baƙi'a. Yau Musulmin ƙasar sun haura miliyan 20, cikin ƙabilu goma. Mafi yawa su ne Uigur na yammacin ƙasar, da Hui waɗanda harshensu Sinanci ne kamar na kowa.

Babban masallacin Shi'an, wanda allon dutsen da ke cikinsa ya ce an kafa shi a 742, gininsa na yanzu ya soma ne daga ƙarni na 14. Baƙo zai iya wuce shi bai gane masallaci ba ne, domin ba shi da ƙubba irin ta Masar. Farfajiya ce bayan farfajiya, da ƙofofin katako, da rufi mai lanƙwasassun kusurwoyi irin na fadar sarakunansu. Sai an kai ƙarshe a tarar da ɗakin salla, an sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako a jikin bangonsa. Mu nan gabas muke fuskanta, su kuwa yamma, Ka'aba tana tsakaninmu. Kamar yadda maginan Zazzau suka gina masallacin Juma'a da ƙasa da azara da bakan gizo, haka su ma suka gina nasu da abin da hannunsu ya saba.

Makarantar allon Sin da ajaminta

Ga abin da ya fi taɓa ni. A ƙarni na 16 Musulmin Sin sun wayi gari Larabci ya kuɓuce musu, littattafai sun yi ƙaranci, malamai suna ƙarewa. Sai wani malami na lardin da Shi'an take, mai suna Hu Dengzhou, wanda ya rayu daga 1522 zuwa 1597, ya tara almajirai a gidansa yana karantar da su. Daga nan abin ya koma masallatai, ya zama tsari: jama'ar unguwa su ɗauko malami, su ɗauki nauyin ci da kwanan almajiransa, almajiri kuma ya tashi daga wannan malami zuwa wancan neman littafin da ya ƙware a kansa. Suna karanta nahawu da sarfu da balaga, da Aƙa'id na Nasafi a tauhidi, da Sharhul Wiƙaya a fiƙihun Hanafiyya, kamar yadda mu muke bin Ahalari da Ishmawi da Risala har zuwa Askari a mazhabar Imamu Malik. Suna ƙarawa da littattafan Farisanci irin su Gulistan na Sa'adi. Ranar da almajiri ya kammala, jama'a su taru a sa masa riga a naɗa masa rawani, ya zama ahong, watau malami. Jama'a, wannan ba tsangayarmu ba ce da makarantar zaure? Har masallatan mata suna da su, da malamai mata masu karantar da 'yan'uwansu, abin da ke tuna mana da Nana Asma'u da jajinta.

To, da yake rubutun Sinawa ba baƙaƙe ba ne irin namu, alamomi ne dubbai da sai an shekara da shekaru ana koyo, almajiran nan sai suka ɗauki baƙaƙen Larabci, suka ƙara waɗansu don sautukan da Larabci ba shi da su, suka riƙa rubuta harshensu da su. Suna kiran wannan rubutu Xiao'erjing. Da shi suke sa fassara a tsakanin layukan littafi, da shi suke rubuta wasiƙa da lissafin ciniki da ƙananan littattafan farillai na mata da yara. Wannan shi ne ajami, ba ragi ba ƙari. Masana suna nuni da wani allon dutse a wani masallaci na cikin Shi'an, mai shekarar Hijira 740, a kan yana cikin mafi daɗewar abin da aka samu na wannan rubutu. Mutane biyu da ba su taɓa jin labarin juna ba, tsakaninsu tafiyar watanni, bukata ɗaya ta same su, suka yi mata magani ɗaya.

Amma fa ajamin Sin ya ja baya ƙwarai. Da makarantun gwamnati suka game ƙasa, kowa ya koyi rubutun hukuma, sai ya zama tsofaffi ne galibi suke riƙe da shi. Mu ma mun ga alamar haka, domin a 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun Naira, kuma yara da yawa da suka yi sauka ba su iya rubuta wasiƙa da shi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Matafiya biyu

Tafiya ba ta zama ilmi sai an komo da abin da wani zai karanta. Ibnu Baɗuɗa ya bar Ɗanja a 1325, ya isa tashar Zaituna ta Sin wajen 1345. Ya yaba gwanintar Sinawa a sana'a da amincin hanyoyinsu, ya yi mamakin kuɗin takarda, ya ce Musulmi suna da unguwarsu da alƙalinsu a manyan garuruwa, bai kuma ɓoye cewa zuciyarsa ta ƙuntata da ganin rinjayen kafirci ba. Shi ɗin dai a 1353 ya sauka Takadda a ƙasar Azbin, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Dubban fatake sun bi waɗannan hanyoyi, amma shi kaɗai muke ambato, don shi ne ya sa aka rubuta.

Na biyun Basine ne. A 1931 Musulmin Sin suka aika da rukunin farko na ɗalibansu zuwa Azhar, a cikinsu akwai wani saurayi daga lardin Yunnan mai suna Ma Jian, wanda Larabawa suke kira Muhammad Makin. Bai je hannu rabbana ba, ya san karatun ƙasarsu sarai, har ya fassara littafin hikimomin Konfushiyas zuwa Larabci, aka buga a Alƙahira a 1935. Da ya koma gida ya koyar da Larabci a Jami'ar Beijin, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Sinanci, aka buga shi cikakke a 1981, shekara uku bayan rasuwarsa. Ya kai wa Larabawa abin da ba su da shi, ya kawo wa mutanensa abin da suke bukata. Irin wannan ɗalibi nake roƙon Allah ya ba ƙasar Daura.

Abin da ba za a nuna musu ba

Kada kuma in yaudari Alhaji da matarsa. Mai masauki ɗakin da ya share yake nuna wa baƙo. A zamanin da suke kira juyin al'adu, daga 1966 zuwa 1976, an rufe masallatai an wulaƙanta malamai. Bayan haka aka sassauta, amma daga wajen 2018 hukuma ta ɗauki manufar mai da addinai bisa kamannin Sin, aka sauke ƙubbobi da hasumiyoyi daga masallatai da yawa, aka tsananta a kan karantar da yara addini. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kan tsare Musulmin Uigur masu ɗimbin yawa a yankin Shinjan, gwamnatin Sin kuwa ta musanta, ta ce yaƙi da ta'addanci take yi da koyar da sana'a. Ya kamata yaro ya san wannan tun daga gida, don kada ƙyalƙyalin gine-gine ya rufe masa ido. Ya kuma kama bakinsa a can, kada ya jefa Musulmin da suka karɓe shi cikin wahala da tambayoyin da shi zai hau jirgi ya bar su da su.

Batun abinci kuwa da sauƙi. Musulmin can suna da kalma guda, qingzhen, ma'anarta tsarki da gaskiya, suna rubuta ta a ƙofar gidan abincinsu, kuma da wuya a rasa masu sayar da taliya da naman sa na halal a babban gari. Yaro ya koyi siffar alamomin nan biyu kafin ya tashi, ya riƙe jadawalin lokutan salla, ya nemi inda ake Juma'a tun ranar da ya sauka.

Amsar da na ba Alhaji

Da kwana uku suka cika na ce masa, "Alhaji, ka bar shi ya tafi, ka kuma lallashi uwarsa ta sa masa albarka, domin tafiyar da babu yardar uwa ba ta da daɗin komowa. Amma ka kafa masa sharaɗi uku. Na ɗaya, kada ya bar salla da tilawarsa. Na biyu, abin da aka kai shi ya gani ya dube shi da idon mai koyo, ya tambayi yadda aka yi, da ko nawa aka kashe, da wanda ya biya, don mu da muke sayen kayansu muna karɓar bashinsu ya kamata a ce muna da waɗanda suka san su ciki da waje, kamar yadda su suka koyi Hausa suka san mu. Na uku, ya sayi littafin rubutu, kowane dare ya rubuta abin da ya gani, da ajami, don ni da kai da tsofaffin garin nan mu karanta da kanmu. In Allah ya haɗa shi da wani tsohon ahong, ya nuna masa rubutun nan, ya roƙe shi ya rubuta masa layi ɗaya da nasu ajamin ya kawo mini."

Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ban tabbata yaron yana iya rubuta ajami ba har yanzu." Na ce, "To, laifina ne da naka. Turo mini shi gobe da asuba, akwai sauran kwanaki kafin tafiyar."

Ina roƙon 'yan'uwana malamai, duk wanda almajirinsa zai fita wata ƙasa ya yi masa irin wannan guzuri. Fatake kuma masu zuwa Gwanzu, in kun gama sari ku ba da yini ɗaya ku ziyarci tsohon masallacin garin, ku gaisa da limaminsa, ku zo ku ba mu labari. Allah ya kai yaranmu lafiya, ya komo da su da imaninsu da ilmi mai amfani, ya kuma kawo wa Musulmin Sin sauƙi. Amin. Haza wasalam.